Neman Gidan Kaka a Birnin Gazargamu

Ruwan da ke wucewa ta gindin garin Diffa daga ƙasar Hausa yake fitowa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su zama Komadugu, ya miƙa gabas yana shayar da gonakin tattasai har ya faɗa Tafkin Chadi wajen Bosso. A wannan kwari, idan hira ta kai ga asali, ba wuya ka ji dattijon Babarbare ya ce kakanninsa daga Birni suka fito. Ba ya ƙara komai a kai, don a wurinsa Birni ɗaya ne, wato Gazargamu. To wanda ya ɗauki maganar da gaske, ya ce sai ya ga gidan, me zai tarar?

Mai Ali Gaji ne ya kafa birnin wajen shekarar 1472, kusa da mahaɗar Komadugu Yobe da Komadugu Gana, gabas da Gaidam ta yau. Sama da shekara 300 sarakunan Saifawa suna mulkin Barno daga cikinsa. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar ta ci shi. Mai Ahmad, wanda tsufa ya riga ya kama, ya fice da mutanensa, ya miƙa wa ɗansa Dunama sarauta. Da taimakon malamin nan Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, aka ƙwato birnin, Gwani Mukhtar ya rasa ransa a wurin. Ba a daɗe ba Malam Zaki, wanda ya kafa Katagum, ya sake afka masa. Daga nan sarakunan suka haƙura da shi. Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, jama'a kuma suka watse, kowa ya nufi inda yake da dangi.

Cikin waɗanda suka fara rubuta abin da ya rage akwai wani sojan Ingila, Dixon Denham. A 1823 ya biyo rundunar Shehu da ta fita yaƙin Mangawa, ya ratse don ya ga kufan. Shekara 15 kacal da faɗuwar birnin, amma daji ya riga ya cinye shi. Ya ce sun wuce kufan garuruwa fiye da 30, ya tarar ganuwa na tsaye a wurare da dama, aka kuma gaya masa mutum 200,000 ne suka taɓa zama ciki. Wannan adadi na baki ne, mai karatu ya rage masa abin da ya ga dama. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinsa shi ne amfanin da mutanen Shehu suka samo wa wurin: daga ƙasar kufan suke tace wani irin gishiri da ake haɗa albarushi da shi. Ɗakunan iyayensu ne suke ɗurawa a bindiga.

A ƙarshen 1852 Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta wurin a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Shi jan bulon fada ne ya ɗauke masa hankali. Ya yaba ingancinsa ƙwarai, ya yi takaicin cewa Barnon da ya gani ta daina irin wannan gini.

A nan amsar mai neman gidan kaka take, kuma ba mai daɗi ba ce. Gasasshen bulo na sarakuna ne da manyan fada. Malami da baduku da ɗan kasuwa da tubalin ƙasa suka yi gini, ko da kara da ciyawa, damina kaɗan ta ishe su komawa ƙasa. Wanda ya je yau zai ga tudun ganuwa ya yi zobe, faɗinsa kusan kilomita 2, da gurbin ƙofofi 5. A tsakiya akwai ragowar bangon fada, bulo sirara masu faɗi, ja jawur, tsakanin ƙaya da katangar tukwane. Ba nisa da nan, a bakin kogi, ga Gambaru, fadar jan bulo da ake dangantawa da mahaifiyar Mai Idris Aloma. Saboda haka idan kakanka ba ɗan sarki ba ne, iyakarka ka tsaya cikin ganuwa ka ce nan wani wuri ne. Ko na sarakunan ma bai tsira ba, don bulo mai kyau ba ya rasa mai kwasa.

Sai kuma iyaka ta shigo. Da Faransa da Ingila suka raba ƙasar, ayarin Kyaftin Tilho ya bi yana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908, Gazargamu da Gambaru suka faɗa Najeriya, a jihar Yobe ta yanzu. Kason Nijar shi ne Garumele, wani kufan jan bulo a yankin Ngigmi, wanda tarihin baka ke cewa sarakunan Barno sun zauna a cikinsa. Masana biyu, Bivar da Shinnie, sun zaga waɗannan wurare suka buga bayaninsu a 1962. Ɗan Diffa ko Maine-Soroa da ke son ganin Birni dole ya ƙetare kogi, kuma tun harin Boko Haram a Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairu 2015, ƙetarawar ta zama abin da mutum ke yi wa dogon tunani. Da yawa daga masu zaman sansanin gudun hijira a bakin kwalta ma nasu gidan na jiya suke tambaya ko yana tsaye.

Wani abin mamaki, cikakken labarin talakan Gazargamu daga Saliyo ya fito. Ali Eisami ɗan malami ne, haifaffen ƙasar Gazir kusa da Birni. Yana saurayi yaƙin ya tarwatsa su. Bayan wasu shekaru aka kama shi a hanya, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, ta Kano da Katsina da Yawuri har ƙasar Yarbawa, daga can sai jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka sauke shi a Freetown a 1818. Shekara 30 bayan haka wani ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya same shi da Barbarcinsa bai goge ba. Suka zauna shekaru, Ali na faɗa, Koelle na rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, yadda birni ya faɗi, sunan ƙauyensu da na mahaifinsa. An buga littafin a Landan a 1854, shekara biyu bayan Barth ya taka kufan.