Daga Birnin Gwari Zuwa Aji Biyu Na Jami'a: Yadda Dashe Kan Kama

Duk wanda ya taɓa yin lambu ya san shuka daban, dashe daban. Irin da aka shuka a inda zai girma yakan saba da ƙasar wurin tun yana ƙarami. Wanda kuwa aka ciro daga bedi aka kai wani fili, sai an yi masa dabara. Dalili shi ne, a jikin saiwa akwai ƙananan gasu waɗanda da kyar ido ke ganinsu, su ne ke tsotso ruwa daga ƙasa, kuma yawancinsu kan tsinke wajen cira. Ganye kuwa bai san an yi ba, yana nan yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa. Shi ya sa masu lambu ke yin dashe da yamma, su ciro tsiro da ƙasar gindinsa, wani lokaci ma su rage masa ganye.

Ɗalibin da ya fara karatunsa a kwalejin ilimi, ko foliteknik, ko makarantar share fage, sa'an nan ya nemi komawa jami'a, dashe ne ake shirin yi da shi. Jami'a ba aji ɗaya za ta sa shi ba, aji biyu za ta kai shi, ya tarar da waɗanda suka riga shi da shekara guda. Saboda haka abin da masu ɗaukar ɗalibai ke dubawa shi ne: shin abin da ya karanta a can ya isa ya maye gurbin wannan shekara da zai tsallake?

Wannan hanya tana da muhimmanci na musamman ga matasan ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Sanin kowa ne cewa tun cikin shekarun 2010 'yan bindiga suka yi sansani a dazuzzukan yankin. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kimanin kilomita 120, ta daɗe tana zaman abin tsoro. An rufe makarantu a ƙauyuka da dama, malamai sun ƙaura, iyalai sun watse zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin aka yi bikin sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara, amma shekarun karatun da suka salwanta ba sulhu ke mayar da su ba. Yaron da ya gama sakandare ba tare da ya taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, da wuya ya yi gogayya da ɗan makarantar birni a jarrabawar UTME. Sau da yawa sai ya bi ta kwaleji tukuna. Babu abin kunya a cikin wannan. Malaman jami'a da yawa ta nan suka biyo.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da wannan shiga ta kai tsaye. Takardun da aka fi zuwa da su a wannan yanki uku ne: shaidar malanta ta NCE, da ƙaramar difloma ta ND, da sakamakon IJMB. Shi IJMB shiri ne na kimanin shekara guda da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke jagoranta tun 1976, ana karanta darussa uku, kuma ana yin sa a wurare da dama, ciki har da makarantar share fage ta jami'ar da ke Funtuwa, wadda ba ta da nisa da ƙasar Birnin Gwari. Digirin kimiyya mai shekara huɗu yakan koma uku ga mai shiga ta wannan hanya, na noma ko gandun daji mai shekara biyar ya koma huɗu.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Yawancin waɗanda ake ƙi ɗauka, tun ranar da suka zaɓi darussansu a kwaleji suka rufe wa kansu ƙofa, shekara biyu ko uku kafin su sayi fom. A ɗauki misalin ɗalibai biyu da suka tafi Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Na farko ya haɗa Bayoloji da Kimistiri. Na biyu ya ji tsoron Kimistiri, ya haɗa Bayoloji da wani darasi mai sauƙi, ya kuma fito da sakamako mafi kyau. Idan dukansu suka nemi sashen ilmin tsirrai ko na ƙananan halittu, na farko ne ke da alamar nasara, ko da makinsa bai kai na abokinsa ba. Ba son kai ne ya kawo haka ba. A aji biyu za a fara bayanin yadda ganye ke haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon da hasken rana, da yadda ƙwayar halitta ke ƙona wannan sukari ta sami ƙarfi, kuma duk wannan bayani da harshen Kimistiri ake yin sa. Wanda bai iya harshen ba, zaman aji zai zame masa kallon bebaye. Na biyun yana da ƙofa a tsangayar ilimi, kuma ƙofa ce mai daraja, amma ya kamata ya san haka tun da wuri.

Haka zalika, takardar kwaleji ba ta shafe ta sakandare. Sassan kimiyya suna neman kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO, wato Ingilishi da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri, na biyar kuma galibi Fiziks. Akwai masu difloma mai kyau ƙwarai da ake mayarwa gida saboda "fas" ɗaya a Lissafi da suka yi shekara biyar baya. Abin takaici kuwa, wannan ciwo ne mai arhar magani. Hukumomin biyu suna shirya jarrabawar masu zaman kansu kowace shekara, kuma ɗalibi na iya zama ya gyara darasin da ya ba shi matsala tun yana shekarar farko a kwaleji, lokacin da abin da ya koya bai gama gushewa ba. Malaman sakandare su ne suka fi kowa damar faɗa wa yara wannan magana kafin su watse.

Bayan dacewar darussa sai ƙarfin sakamako. A foliteknik, inda ake auna maki a kan 4, wanda ya sami 3.50 zuwa sama shi ne ya yi fice, daga 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit. Jami'o'i da yawa babban kiredit suke nema a fannonin da ake rububi. A IJMB kuwa, A tana da maki 5, a yi ta sauka har E mai maki 1. Abin lura game da matsakaicin maki shi ne yana da nauyin jiki: wanda ya yi wasa a zangon farko, sai ya yi ta jan wannan kaya har ƙarshe, domin kowane zango da aka ƙara, ƙarfinsa na sauya jimla raguwa yake yi.

Sai maganar zaɓen fanni, wadda ta fi kowace jawo hawaye. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowane fanni zai iya ɗauka, kuma kason masu shiga kai tsaye kaɗan ne daga ciki. A jami'o'in tarayya, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kashi 45 cikin ɗari na gurabe don cancanta zalla, kashi 35 don jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma don jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Kaduna tana cikinsu. Ke nan ɗan Birnin Gwari da ya nemi jami'ar da jiharsa ke cikin kewayenta, kamar ta Zariya, yana da ƙofa uku, wanda ya nemi ta nesa ya rage wa kansa ɗaya. Akwai kuma Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Amma duk waɗannan ƙofofi ba su da amfani idan kowa ya yi cincirindo a bakin likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya, alhali sassan ilmin tsirrai da na dabbobi da na gandun daji suna da sarari.

A nan ɗan Birnin Gwari yana da wata dukiya da bai cika sanin darajarta ba. A ƙasarsu ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda hukumar En'e ta keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, kuma an lissafa tsuntsaye iri 177 a cikinsa. Dajin doka ne, gauraye da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa da ƙirya, ga tukurwa a bakin rafuka. An san shi da giwa da gwanki da mazo da gwaggon biri, kodayake shekarun rashin tsaro sun hana masu bincike shiga su ƙidaya abin da ya saura. Yaron da ya tashi yana bambance maje da kawo daga nesa, ya san watan da doka ke fitar da jan toho, ya riga ya ci rabin darasin rarrabe tsirrai. Sunan Latin kawai ya rage a ɗora masa. Ita doka ma abar nazari ce. Saiwarta tana zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wasu halittu dangin naman kaza, su samo mata ruwa da gishirin ƙasa, ita kuma ta ba su sukari, kuma ta fi yaɗuwa ta hanyar tohowa daga saiwa. Ga kuma madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Afirka ta Yamma ana kai katakonta ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Mayar da irin wannan daji hayyacinsa aiki ne na masu digiri da suka san ƙasar. Kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka, kusa da Kaduna, da ta namun daji da ke New Bussa a Jihar Neja, suna ba da difloma a fannonin da suka shafi noma da daji, kuma akwai sassan gandun daji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Bayero ta Kano, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma.

Akwai kuma sauyi daga wata jami'a zuwa wata, ga wanda ya riga ya fara digiri. Wannan ya fi wuya. Sai jami'ar da yake ciki ta yarda ta sake shi, ta aika da cikakken sakamakonsa, sai wadda zai koma tana da gurbi a wannan aji, kuma darussan da ya yi sun yi daidai da nata. Kowace jami'a da mafi ƙarancin makin da take karɓa, ba a kuma karɓar wanda aka kora. Wanda ke da dalili na tsaro ko na lafiya, ya rubuta shi a fili cikin takardar neman, ya haɗa da shaida.

Takardu su ne ƙasar gindin dashe. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, don haka dole suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina. Wanda yake Abubakar Sani a takardar WAEC, ya zama Sani Abubakar Birnin Gwari a ta kwaleji, kwamfuta mutum biyu za ta gani. Iyalan da suka baro gida cikin gaggawa, takardu suka ƙone ko suka ɓace, su fara neman madadinsu tun shekara guda kafin lokaci. Ɗalibi ya kuma tabbatar cewa shigarsa kwaleji tana cikin rajistar JAMB, domin za a tambaye shi lambar. Daga 2023 hukumar ta tsananta tantance takardun masu shiga kai tsaye, bayan an gano na jabu da yawa. Makarantar da ta ba da takardar ake tuntuɓa ta gaskata ta. Saboda haka wanda wani ya ce zai sayar masa da sakamakon IJMB ba tare da zaman aji ba, kuɗinsa da shekarunsa zai yi asara, ko da kuwa sai yana ajin ƙarshe asiri ya tonu.

Sayen fom na JAMB bai gama aiki ba. Yawancin jami'o'i suna buɗe tasu tantancewar daban, wasu har da jarrabawa, kuma wa'adinta gajere ne. Dole ɗalibi ya sa sakamakonsa na sakandare a shafin hukumar, ya bi sawun cikakken sakamakonsa na kwaleji har ya isa jami'a, domin ofisoshin rajista ba su san gaggawa ba. Tun 2017 kuma duk gurbin da aka bayar ta tsarin CAPS na intanet yake fitowa, kuma sai ɗalibi ya shiga da kansa ya danna alamar amincewa kafin gurbin ya zama nasa. Wanda ke zaune a Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa, inda sabis kan yi kwanaki bai zo ba, ya kamata ya ɗaura wa kansa duba shafin aƙalla sau ɗaya a mako daga lokacin da jami'arsa ta fara fitar da sunaye, ko da sai ya shigo cikin gari ranar kasuwa.