Ruwa Yakan Ci Gini Daga Gindi

Kowace damina mukan ga ɗakuna sun zube a ƙauyukanmu, a ce ruwa ne ya yi yawa. Amma in an duba, yawancinsu daga ƙasa ɓarnar ta fara. Gajeren indararo yana zuba a gindin bango, ƙasa ta sha, danshi ya hau har gwiwa. Sai bango ya riƙa zagwanyewa, fumfuna ta kama tabarma da buhunan hatsi. Warinta yana tayar wa yara tari, gyaɗa mai fumfuna kuma tana lahanta hanta.

Tun kafin ruwan fari, a cika gindin bango da jar ƙasa, a daɓe ta da gangare, a buɗe lambatu. A ƙara tsawon indararo, a jera duwatsu inda ruwansa yake sauka.

Wajen yaɓe kuwa, ba mu goyon bayan siminti a kan bangon laka. Yakan tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, wata rana ya ɓare gaba ɗaya. Makuba ta ɓawon ɗorawa ta fi, ko da yake tana son sabuntawa a kai a kai. Inda akwai marina kusa, a nemi katsi, a haɗa da dafara da gashin jima a yi laso.