Rumbu ya dawo, tarihinsa bai dawo ba

Akwai wata asara da masu rubuta manhajar kwamfuta ke tafkawa wadda ba a ganinta a ranar da ta auku. Kwamfuta ta ƙone, ko ɓarawo ya yi awon gaba da ita, sai a ɗauko kwafin ko-ta-kwana daga filashi a zuba cikin sabuwa, manhaja ta tashi, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Sai bayan makonni, ranar da aka nemi sanin wanda ya sauya wani layi, da yaushe, da dalilinsa, a tarar babu mai amsawa. Fayiloli sun dawo, tarihinsu kuwa ya tafi.

Galibin masu wannan sana'a a yau da Git suke aiki, wato manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Aikinta shi ne rubuta kowane zango da aiki ya kai: me aka ƙara, me aka cire, wa ya yi, da ɗan bayanin dalili. Kowane zango yana da lambar shaida mai haruffa 40, kuma yana ɗauke da lambar wanda ya gabace shi, har suka zama silsila wadda ba a taɓa tsakiyarta ba tare da duk abin da ya biyo baya ya sauya ba. Wannan silsila tana zaune ne cikin wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .git, kuma a nan gizo ke saƙar. Wanda ya kwashi fayilolin da idonsa ke gani ya bar jakar, ko ya sauko da dunƙulallen kwafi daga GitHub, zangon ƙarshe kaɗai ya ajiye.

Ko an ajiye jakar ma, kwafi yana tsufa. Wasu ɗalibai uku da nake duba aikinsu a nan Katsina sun haɗu da haka: wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙona kwamfutar da rumbunsu yake, kwafin da suke da shi kuma ya kwana 35. Sun zo sun riga sun fidda rai. Na tambaye su ranar da kowannensu ya jawo aikin zuwa tasa kwamfutar. Ɗaya ya ce kwana biyu kafin wutar. A wurinsa muka sami silsilar, domin a tsarin Git duk wanda ya kwafi rumbu ta hanyar da ta dace, da tarihinsa gaba ɗaya ya kwafa.

Bakatsine bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin nan a 1807, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi, ya tafi da nasa lissafin sarakuna da nasa labarin. Mai son tarihin Katsina tun daga Korau ba zai tsaya ga abin da ke cikin ganuwa kaɗai ba. Dole ya gwama shi da abin da ke Maraɗi da wanda ke gidajen malamai. Irin wannan gwama ruwayoyi da takardu ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi a littafinsa kan Katsina da ya fito a 1981. Abin da ya ɓace a cibiya, sau da yawa yana nan a reshe.

Sai dai yawan kwafi kaɗai ba ya ceto. A watan Maris na 2013, ƙungiyar KDE ta kusa rasa rumbuna wajen 1,500. Uwar garkensu ta lalace, sauran kwamfutocin da aka ɗora wa aikin kwaikwayonta kuwa suka kwaikwayi lalacewar da aminci. Guda ɗaya ce ta tsira, ita ma don ba ta kai ga ɗaukar ɓarnar ba. Shi ya sa abu na farko da nake gaya wa wanda ya maido da tsohon kwafi shi ne ya tsaya cak: kada ya tura komai, kada ya bari wani ya daidaita nasa da tsohon, ya kuma ware kwafin kowa a gefe kafin a taɓa shi.

Bayan haka ne ake bin sawu. Git tana riƙe da wani kundi na duk inda kan reshe ya taɓa tsayawa, amma a kwamfutar mai aiki kaɗai, ba ya bin rumbu zuwa intanet. Bisa tsarinta na asali, tana ajiye waɗannan sawaye kwana 90, na zangunan da aka yanke daga reshe kuma kwana 30. Akwai kuma umarnin fsck, mai zaƙulo zangunan da suka zama marayu, matuƙar shara ba ta riga ta bi ta kansu ba. Idan an riga an fara sabon tarihi kafin tsohon ya bayyana, ana iya ɗinke farkon sabon da ƙarshen tsohon. Aikin awa ɗaya ne ga wanda ya iya. Jinkiri ne ke mai da shi abin da ba ya yiwuwa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami ba manhajar ba ce. Ɗalibai ukun nan maki ɗaya ake shirin ba su, alhali silsilar da muka ceto ta nuna ƙarara wa ya kwana yana aiki, wa kuma ya leƙo sau biyu a wata uku. Ita ce kuma hujjar ɗalibi ranar da aka zarge shi da sayen aiki, domin aikin da aka saya dare ɗaya yake sauka, ba shi da zanguna. Ina ganin lokaci ya yi da sassan kimiyyar kwamfuta a manyan makarantunmu za su daina wadatuwa da faifai da littafi mai bango. A karɓi rumbun da jakarsa, a ajiye kwafi biyu a wurare daban, a kuma sa wani ya gwada maido da shi sau ɗaya kowane zangon karatu, ya ƙirga ya ga ko tarihin ya cika.