Albashin magina a zamanin Fir'auna

Duk direban da ya bi hanyar Ƙwanni zuwa Madawa ya san hayaƙin masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take cin farin dutse tun shekarun 1960. Da irin wannan dutse ne mutanen Masar suka gina babbar dalar Giza, kabarin Fir'auna Kufu, kusan shekara 4500 da suka wuce. Tsawonta ya kai mita 146, duwatsun da ke jikinta kuwa sun haura miliyan biyu.

An daɗe ana cewa bayi ne suka yi wannan aiki da bulala a baya. Amma a 1990 an tono kaburburan maginan a kusa da dalar, aka tarar an rufe su da mutunci, har da tulunan guzuri. Sai kuma a 2013 wani masani Bafaranshe, Pierre Tallet, ya samo tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Kundin wani ma'aikaci ne mai suna Merer, shugaban ayarin mutum kamar arba'in. Kullum yana rubuta abin da aka yi: yau an yi lodin dutse a Tura, gobe an bi kogin Nilu da jirgi, an kwana wuri kaza, an sauke a Giza. Ɗan kasuwar da ke fiton kaya tsakanin Ƙwanni da Illela, idan ya ga wannan kundi, zai rantse na yaronsa ne.

A lokacin ba a san kuɗin ƙarfe ba, da hatsi ake biya. Fiye da shekara dubu bayan Kufu, masu sassaƙa kaburburan sarakuna da ke zaune a ƙauyen Dairul Madina suna karɓar buhu huɗu na alkama da buhu ɗaya da rabi na sha'ir kowane wata, ban da kifi da mai da itacen girki. Magatakarda yana rubuta wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, har da dalili: wane kunama ta harbe shi, wane yana ciwon ido.

To, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na uku, wajen 1157 kafin haihuwar Annabi Isa, hatsi ya makara. Da aka kwashe kusan kwana ashirin babu labari, sai ma'aikata suka ajiye guduma, suka wuce masu gadi, suka je bayan wani ɗakin bauta suka zauna. Manya suka zo lallashi, suka ce su yunwa ta kawo su, a kai maganarsu gun Fir'auna. Aka ba su wani abu, suka koma, aka sake makara, suka sake fita. Shi ne yajin aiki mafi tsufa da tarihi ya adana, kuma magatakarda Amennakte, ɗan ƙauyen, shi ya rubuta shi. Takardar tana birnin Turin na Italiya.

Ma'aikatanmu da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke taruwa wata da watanni, ƙungiyar USTN tana kiran yaji, mai kanti yana rufe littafin bashi, ba sai an yi musu fassara ba.

Shi kuwa Ramsis, shekara kamar uku bayan haka makirci ya taso masa daga cikin gida, ƙarƙashin wata matarsa mai suna Tiye. A 2012 likitoci suka haska gawarsa da na'ura, suka ga yanka a maƙogwaro har ƙashi.