Manhajar zane ta Windows a kan Linux ko Mac: abubuwan da ya kamata ka sani

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu ba su kai nan ba. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a koma Linux, tunda kyauta ce. To amma mai cin abinci da zanen katin biki da fosta da kalanda tambayarsa ɗaya ce: CorelDRAW da Photoshop ɗina fa?

Me ya hana manhajar tashi?

Manhaja ba ta taɓa allo ko faifai ko firinta da kanta. Babbar manhajar da ke gudanar da kwamfutar take roƙo: buɗe min taga, karanto min fayil, zana min layi. Windows tana da nata salon karɓar waɗannan buƙatu, Linux da macOS suna da nasu. Manhajar da aka rubuta don Windows idan ta yi kira a kan Linux, babu mai amsa mata. Adobe bai taɓa fitar da Photoshop na Linux ba.

Wine, tafintan da ke tsakani

Aikin Wine ya fara a 1993, kuma tun 1994 Alexandre Julliard ke jagorantarsa. Ba Windows yake ɗora maka ba. Yana tsayawa ne a tsakani kamar tafinta a kotu, ya karɓi buƙatar manhajar ya mayar da ita yadda Linux za ta gane. Don haka ba ya cin ƙarfin kwamfuta sosai, ba ka kuma buƙatar lasisin Windows.

Wahalar ita ce Microsoft bai buɗe asalin rubutun Windows ba, sai masu Wine su sake gina kowane kira da hannunsu, ɗaya bayan ɗaya, alhali dubbai ne. Shekara 15 aka yi kafin a fitar da Wine 1.0 a 2008.

Masu zane sun daɗe a wannan labari. A shekarar 2000 kamfanin Corel na Kanada ya fitar da CorelDRAW 9 na Linux, kuma da Wine ya yi shi. A Oktoban shekarar Microsoft ya zuba dala miliyan 135 a Corel, ba a daɗe ba kamfanin ya rabu da harkar Linux. Mai karatu ya yi nasa lissafin. Daga baya Disney, sannan Google, suka biya kamfanin CodeWeavers, mai sayar da CrossOver, nau'in Wine na kuɗi, don Photoshop ya yi aiki a kan Wine. Shi ya sa tsofaffi irin su Photoshop 7 da CS2 suke tashi lafiya.

Sababbin kuwa sai a hankali. Tun 2013 Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, kuma manhajarsa tana rataye da shiga asusu ta intanet da sabuntawa a kai a kai. Abin da ya yi aiki yau, sabuntawar gobe tana iya karya shi. Za ka ji ana cewa ai wasannin Windows suna gudu a kan Linux. Gaskiya ne, amma kamfanin Valve ne ya zuba kuɗi a Proton, reshen Wine na wasanni da ya fitar a 2018, saboda yana da ribar da zai ci. Manhajar zane ba ta sami irin wannan uban gida ba. Kafin ka ɓata dare, duba rumbun gwaje-gwaje na WineHQ ka ga matakin da aka ba wa ainihin fitowar da kake amfani da ita.

Kwamfuta a cikin kwamfuta

Da VirtualBox ko VMware za ka iya kunna cikakkiyar Windows a cikin taga. Kusan komai zai tashi, amma ƙwaƙwalwar na'urar za ta rabu biyu, batir zai riƙa saurin ƙarewa, kuma katin hoto ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Mai gigabait 8 zai sha jira. Zanen tambari zai yiwu, zanen gini mai fuska uku kuwa azaba ne.

Raba faifai biyu

Ka girka Windows da Linux gefe da gefe, ka zaɓi ɗaya lokacin kunnawa. Ƙarfin na'urar duka naka ne, sai dai duk sauyi sai ka kashe ka kunna.

Masu Mac

Photoshop yana da na Mac tun asali, AutoCAD ya dawo a 2010, CorelDRAW a 2019. Revit da SolidWorks ne har yanzu sai Windows. A da Boot Camp, hanyar girka Windows gefe da gefe a kan Mac, yana magance wannan, amma tun da Apple ya koma injinsa na M1 a 2020 wannan ƙofa ta rufe. Abin da ya rage shi ne irin su Parallels, wanda ke kunna Windows 11 ta injin ARM, ita kuma ta sake fassara manhajar. Ɗalibin zanen gine-gine ya san da wannan kafin ya sayi MacBook don ƙawa.

Inda asarar take fitowa

Tashin manhaja ba shi ne ƙarshen magana ba. Salon haruffan da babu shi a sabon tsarin zai sauya da kansa, rubutu ya zame daga inda ka ajiye shi. Launin da ka gani a allo yana iya bambanta da na takarda, na'urar yankan sitika kuma tana iya ƙin amsawa don direbanta na Windows ne kawai. Inkscape, manhajar zane ta kyauta, yana buɗe fayil ɗin CorelDRAW, amma ba kullum yake fitowa daidai ba, kuma maɗaba'a da launukan CMYK take aiki. Ka mayar da haruffa zane, ka fitar da PDF, ka buga gwaji ɗaya kafin a buga dubu.

Mai koyo ko mai zanen da zai tsaya a waya da Facebook, Inkscape da Krita da GIMP sun ishe shi a kan Linux. Amma wanda kwastoma ke jiransa da fayil ɗin CorelDRAW, ya bar Windows a ɓangare guda na faifansa, ya cire ta daga intanet idan tsohuwa ce.