Cajin Abin Hawa Da Hasken Rana A Damagaram

Abin hawa mai lantarki, mota ce ko babur ko adaidaita-sahu, ba ya shan fetur. Batir ke juya injinsa, batirin kuwa wajibi ne a ɗura masa wuta, saboda haka mas'alar duka ta koma kan inda wutar za ta fito. A Damagaram, wadda layin wutarta ya taso daga Katsina ta Gazawa, mai hankali ba zai jingina sana'arsa ga wannan layi kaɗai ba, musamman bayan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Ga kuma matatar SORAZ, da aka buɗe a 2011, tana tace fetur a kusa, wanda ya saba da shi kuwa ba ya barinsa sai da hujja.

Hujjar ita ce rana, ni'imar da Allah Ya yalwata wa ƙasar nan. Faifan sola ke mayar da haskenta lantarki, a tara a manyan batura, na'ura ta daidaita ƙarfinsa, sannan a jona abin hawa ko da bayan magariba. Sharaɗi kawai a riƙa goge ƙurar hunturu daga faifan, a ajiye baturan a inuwa, domin zafin bazara yana rage musu kwana.

A 2021 an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma tun kafin nan marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya ƙarar da rayuwarsa kan ilmin makamashin rana. Muna roƙon magabatan birnin Damagaram da Jami'ar André Salifou su fara da tashar 'yan kabu-kabu, waɗanda fetur ke cinye ribarsu kullum.