Takobi a dama, layar tsafi a hagu: tsadar haɗa sana'a biyu a wasan Dungeons & Dragons

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974, mutane kan kewaye tebur su saƙa labari tare. Ɗaya shi ne jagora mai ba da labarin, sauran kowa da jarumin da ya ƙirƙira, ɗan lido mai fuska 20 kuma shi ke yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Kowane jarumi yana da sana'arsa: mayaƙi, ko matsafi, ko ɓarawo, da sauransu, yana hawa mataki-mataki har zuwa na 20.

Gardamar da ta daɗe tana raba kan 'yan wasan ita ce ta jarumin da ya haɗa sana'a biyu. A dokokin 1978, jinsunan da ba bil'adama ba ne kaɗai ke iya tafiya da sana'o'i biyu a lokaci guda. Ɗan'adam sai ya ajiye ta farko kafin ya kama ta biyu. Bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya wallafa a 2000, shi ya buɗe ƙofa: duk sanda jarumi ya hau mataki, mai shi na iya zuba matakin a sana'ar da ya ga dama. Bugu na biyar na 2014 ya gindaya sharaɗin maki 13 a baiwar da kowace sana'a ta dogara a kai, kamar ƙarfi ko basira.

Tsadar abin tana bayyana ne a mataki na 5. A nan mayaƙi zalla ke samun sara na biyu a kowane zagaye, matsafi zalla kuma ya mallaki dunƙulen wuta, sihirin da ke ƙone taron abokan gaba da jifa ɗaya. Wanda ya raba matakansa, biyu a yaƙi uku a tsafi, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Yana da sulke, yana da ƙananan sihirce-sihirce, amma ranar da dodo ya tare hanya abokansa ne za su ɗauki nauyinsa, kuma a wasan da ake zama sau ɗaya a mako, jiran matakai biyu na iya cin watanni. Taura biyu dai ba ta taunuwa cikin sauƙi.

Sai dai masu lissafi sun gano inda ake cin riba ba tare da biyan farashin ba. Littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya kawo wani boka mai suna Hexblade, wanda tun matakinsa na farko yake sara da kwarjini maimakon ƙarfi. Barde mai alwashi, wanda dama sihirinsa kan kwarjini ya dogara, sai ya leƙa wannan sana'a mataki ɗaya tak ya koma tasa, ya huta da neman ƙarfin dantse. A takarda dabara ce mai kyau. A labari kuwa, mutumin da ya yi rantsuwar tsarki ne ya ƙulla yarjejeniya da wani duhun iko, kuma sau da yawa ba wanda ke tambayarsa dalili. Nan ne, a ganina, aibin yake. Mayaƙin da ya koma addu'a bayan ya binne abokinsa ya cancanci matakinsa na limanci. Wanda ya tsinci boka a shafin littafi ya fake da guzuma ne don ya harbi karsana.

Masu tsara wasan sun lura. A dokokin da aka sabunta a 2024, kowace sana'a sai a mataki na 3 ake zaɓar reshenta, ƙarin yunƙurin da mayaƙi ke samu a mataki na 2 kuma an hana kashe shi a kan sihiri. Pathfinder, abokin hamayya daga kamfanin Paizo, ya bi wata hanya a bugunsa na biyu na 2019: jarumi ba ya barin sana'arsa, sai dai ya ari 'yan dabaru daga wata, yana biya da zaɓin da zai samu a tasa.